Kunnen tsiro a iri za a neme shi, ba a kwalba ba

Ƙwayar fangas da iska ta ɗauko ta ajiye a kan ganye, aikin farko da ke gabanta fasa bango ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin tsiro zagaye take da bango, saƙaƙƙe da zaruruwan selulos, an cike tsakaninsu da wasu dogayen sarƙoƙin sukari, cikinsu har da fektin mai manne ƙwaya da maƙwabciyarta. Ko cutar da ta sulale ta 'yan ƙofofin numfashin ganye, in ta shiga ciki bangon za ta tarar. Kowace cuta da dabararta. Fangas ɗin da ake kira Magnaporthe, mai ƙona shinkafa, ƙarfi yake gwadawa: yakan manne a ganye ya tara matsin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau 40, sannan ya huda. Botrytis kuwa, mai ruɓar da inabi da tumatir, narkar da fektin yake yi da sinadaran enzayim, wuri ya yi laushi ya shige. Ta kowace hanya aka bi, sai bango ya zubar da ɓaraguzai, kuma a nan asirin mai kutse yake tonuwa, domin tsiro yana jin waɗannan ɓaraguzan. Kamar maigida ne da ya ji ƙasa na zuba daga katangarsa da tsakar dare: bai ga kowa ba, amma ya san katanga ba ta zuba haka kawai.

Cikin 'yan mintoci kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar, an saki sinadaran oksijin masu ƙuna a bakin raunin, saƙo ya nufi cibiyar ƙwayar. Kafin sa'a guda ta cika, ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke kwance sun tashi aiki. Daidai inda ake hudawa sai tsiro ya liƙa toshi mai kauri, ya ƙara wa bangon tauri, ya haɗa gubar da fangas ba ya jurewa. Mafi yawan ƙananan halittun da ke sauka a kan ganye ba sa samun shiga, shi ya sa cuta ta zama tsautsayi a rayuwar tsiro, ba abin kullum ba.

Yanzu wannan ilimi ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje ya shigo kasuwa da zauren majalisa. Ana cewa, tunda tsiro yana farkawa in ya ji ɓaraguzan bango, me zai hana a haɗa ɓaraguzan a masana'anta, a fesa wa gona tun kafin cuta ta zo, a huta da guba? Magana ce mai daɗin ji, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Amma ni ina ganin an ɗora wa kwalbar feshi kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Babbar ribar wannan ilimi a cikin iri take, can ya kamata kuɗin jama'a da hankalin hukumomi su fi karkata. Feshin yana da gurbinsa, ƙarami, kuma ba za a san iyakarsa ba sai an auna shi a gonar gaske, a hannun waɗanda ba su da ko kwabo a cinikin.

A shekarun 1970 masana sun ɗauki sukari abinci ne da kayan gini kawai, kai saƙo kuwa aikin wasu sinadaran ne daban. Peter Albersheim da abokan aikinsa a Jami'ar Kolorado ta Amurka suka nuna cewa ɗan gutsuren bangon Phytophthora, mai ruɓar da saiwar waken soya, komai ƙanƙantarsa yana sa waken ya haɗa gubar kare kai. A 1984 suka fayyace siffarsa: ƙwayoyin gulukos 7 ne a haɗe bisa wani tsari na musamman, in an ɗan sauya tsarin saƙon ya mutu. Kafin nan, a 1981, sun ci karo da abin da ya fi wannan ban mamaki, cewa ba sai bangon abokin gaba ba, gutsuren fektin na tsiron kansa ma yana tada shi. Daga baya aka gane tsawon gutsuren shi ne magana. Sarƙa mai gaɓa 10 zuwa 15 ita ta fi amo, in fangas ya samu ya daddatsa ta ƙanana amon ya ragu ƙwarai. Tsiro kuwa ya tanadi wani furotin a bangonsa mai riƙe enzayim ɗin fangas ya rage masa sauri, don dogayen gutsattsarin su taru kafin a niƙe su. Felice Cervone da Giulia De Lorenzo na Jami'ar Sapienza a Rum sun yi shekaru da dama a kan wannan furotin. Sai aka shiga neman kunnuwan da ke ji. A 2006 ƙungiyar Naoto Shibuya a Japan ta gano furotin ɗin da shinkafa ke jin kaitin da shi, wato sinadarin bangon fangas. A 2022 da 2023 masu bincike a Jena ta Jamus da Madrid ta Sifaniya, kowa ta hanyarsa, suka cimma wanda ke jin gutsuren selulos.

Ba na raina dalilin da ya sa ake ɗokin wannan hanya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa cututtuka da ƙwari na cinye kashi 30 cikin 100 na shinkafar duniya, 22.5 na masara, 21.5 na alkama, kuma duk da feshin da ake yi ke nan. Magungunan da aka dogara da su kuwa suna mutuwa a hannu. Metalaksil ya shigo kasuwa a 1977, zuwa 1980 cutar da ke ƙona dankalin turawa ta daina jin sa a Ailan da Holan. Dangin sitirobilurin sun fito a 1996 ana ta yabonsu, a 1998 farar funfunar alkama ta riga ta gagare su a arewacin Jamus, da sauyin harafi guda a ƙwayar gado guda. Haka kuma za a ci gaba da gani, domin maganin da ke dukan wuri ɗaya tak a jikin fangas, duk ranar da aka samu ɗaya cikin biliyan da wurin nan nasa ya ɗan bambanta, zuriyarsa ce za ta gaji gonar. Abin har ya kai asibiti. Dangin azol da ake fesa wa amfanin gona 'yan'uwan waɗanda likita ke ba mai ciwon huhu ne, kuma likitocin Holan sun nuna cewa Aspergillus fumigatus, mai kashe masu raunin garkuwar jiki, tun a waje yake koyon bijire musu kafin ya shiga ƙirjin mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin fangas 4 da suka fi tada hankali.

Feshin da ke tada garkuwar tsiro ba fangas yake duka ba, don haka fangas ba shi da wuri guda da zai sauya ya kuɓuta. Akwai shaida: tun 1975 manoman Japan ke sa wa shinkafa furobenazol, wanda aikinsa zaburar da tsiron ne, kuma shekaru sun shuɗe cutar ba ta gagare shi ba. Yau akwai laminarin da ake tatsa daga ciyawar teku, akwai kaitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, akwai bangon yis, akwai haɗin gutsuren fektin da na kaitosan da ya fito daga Jami'ar Namur ta Beljiyam, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015 cikin jerin masu ƙarancin haɗari. Kayan haɗa su yawanci abin zubarwa ne, haɗarinsu ga mai feshi da mai ci kuma ƙanƙani. Duk wannan na yarda.

Inda na rabu da masu tallarsa shi ne kan abin da ba sa son a daɗe a kai, cewa tsaro ba kyauta ba ne. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma a wajen tsiro jikin da ya tsira yakan rame. Sukari da naitirojin da aka kashe wajen toshi da guba, daga rabon ganye da zangarniya aka yanko su. Kuma ba ƙarancin abinci kaɗai ba ne, tsiron da kansa yake taka birki. Misalin da ya fi burge ni daga Versailles ta Faransa ya fito, a 2007. Akwai wani nau'in Arabidopsis, 'yar ciyawar da masana suka mayar abar gwaji, wanda ba ya iya haɗa isasshen selulos, ya tashi wada. Mai kallo zai ce rashin kayan gini ne ya hana shi tsawo. Sai aka kashe wani furotin mai sauraron bango a jikinsa, wanda aka raɗa wa THESEUS1, sai ga tsiro ya ƙara miƙewa, alhali selulos ɗinsa bai ƙaru ba. Ashe jin cewa bango ba lafiya ne ya sa ya dakatar da girma. A 2015 ƙungiyar su Cervone ta Rum ta gina tsiron da ke iya samar da gutsuren fektin a cikin jikinsa in an ba shi umarni. In an buɗe masa kaɗan, ya jure wa Botrytis da bakteriya. In an buɗe da yawa, ya tsumbure ko ya mutu. Tun a 2000 an gwada fesa wa alkama wani sinadari mai tada garkuwa a inda babu cuta, sai girmanta da yawan ƙwayarta suka ragu, asarar kuma ta fi tsanani inda naitirojin ya yi ƙaranci. A riƙe wannan sharaɗin na ƙarshe da kyau. Manomin da ƙasarsa ta gaji, wanda aka fi rantsuwa da sunansa a takardun neman tallafin bincike, shi zai fi kowa biya. Shi kansa tsiro ya san haɗarin, domin yana da enzayim ɗin da aikinsu bin waɗannan gutsattsarin ne su kashe musu murya bayan sun isar da saƙo.

Masana suna da amsa. Suna cewa ba sai an tada tsiro gaba ɗaya ba, a ɗan sa shi cikin shiri kawai, yadda in cuta ta zo zai fi saurin martani. Wani bincike daga Utrecht a 2006 ya nuna cewa kuɗin wannan shirin kaɗan ne, kuma inda cuta ta sauka ribarsa ta fi kuɗinsa. Gaskiya ne. Sai dai tazarar da ke tsakanin shiri da firgici 'yar siririya ce, tana kuma motsi da nau'in iri, da girman tsiro, da zafi, da ruwa, da taki. A ɗakin gwaji duk ana iya saita waɗannan. Gona ba ta saituwa.

Tsiron ɗakin gwaji shagwaɓaɓɓe ne, ba iska, ba ƙwaro, ba ƙishirwa. In ka fesa masa gutsuren bango baƙon abu ne a wurinsa, dole ya zabura. Na gona kuwa tun tsirowarsa iska ke lanƙwasa shi, ƙwari na gatsa, saiwarsa na cuɗanya da dubban ƙananan halittu. Dale Walters, wanda ya daɗe yana gwada irin waɗannan sinadarai a kan sha'ir a Sukotlan, ya yi tambayar a fili a 2009, ko tsiron gona bai riga ya farka ba tun kafin a zo tashinsa. Shi da abokan aikinsa ne kuma, da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje, suka ce kariyar tana kamawa daga kashi 20 zuwa 85 cikin 100. Mai talla 85 zai rubuta. Manomin da 20 ta faɗo wa a shekarar da ruwa ya yi yawa kuwa, gonarsa ta tafi. Ga kuma batun lokaci. Wannan ba maganin warkarwa ba ne, in tabo ya bayyana a ganye an makara. Dole a fesa kwanaki kafin cuta ta sauka, a kuma maimaita, domin shirin yana dusashewa. Wato ana bukatar hasashen yanayi mai kyau, da mai sa ido, da kuɗin zagaye da yawa. Mai noman kokwamba a gidan gilashi yana da waɗannan, mai noman hatsi a fili mai faɗi ba lalle ba. Shi ya sa nasarorin da suka fi tabbata suka taru a gidajen gilashi da gonakin inabi, musamman a kan farar funfuna, inda darajar kaya ke biyan wahala.

Kada kuma a zaci cututtuka sun naɗe hannu suna kallo. Cladosporium fulvum, mai kama ganyen tumatir, yana fitar da furotin mai suna Ecp6 da ke tsince gutsattsarin kaitin ya ɓoye su kafin su isa kunnen tsiro, kamar yadda masu bincike a Wageningen ta Holan suka nuna a 2010. Wanda ya fi shi wayo wani fangas ne mai yi wa alkama tabo, Parastagonospora nodorum. Shi so yake a ji shi. Yana aika sinadarin da ke taɓa wani furotin mai sauraro da ake kira Snn1, alkama ta firgita ta kashe ƙwayoyinta da nufin datse masa hanya, shi kuwa matacce ne abincinsa. Ƙara wa tsiro saurin firgita na iya kare shi daga wata cuta ya miƙa shi ga wata.

Ilimin kansa bai gama zama ba. Tun 2010 ake koyar da cewa wani furotin mai suna WAK1 shi ne kunnen gutsuren fektin. A 2024 ƙungiyar Cyril Zipfel a Zurich ta cire WAK1 da 'yan'uwansa 4 daga Arabidopsis, tsiron ya ci gaba da jin gutsuren abinsa. Ba abin kunya ba ne, haka bincike yake gyara kansa. Amma fannin da ake ta gardama a kan kunnen saƙonsa mafi daɗewa, bai kamata a ɗora masa alƙawarin siyasa kamar an gama ba.

Alƙawarin kuwa ana yi. A 2020 Tarayyar Turai ta ɗauki burin rage magungunan feshi da rabi kafin 2030. Ta janye izinin maganin fangas kulorotalonil a 2019, mankozeb ya bi baya a 2020, bisa dalilan lafiya da muhalli da ba na jayayya da su. Amma dokar da za ta tilasta ragin, majalisar Turai ta ƙi ta a Nuwamban 2023, aka sanar da janye ta a Fabrairun 2024 lokacin da taraktocin manoma suka cika tituna. Cikin tambayoyin manoman akwai mai sauƙi: da me za mu maye? Amsar da aka ba su ba ta ƙosar ba. Abin da nake tsoro ba ci gaba da guba ne kaɗai ba. Ina tsoron a yi wa manoma alƙawarin da ya wuce gaskiya, su gwada, su tafka asara sau ɗaya, daga nan duk wanda ya zo musu da zancen garkuwar tsiro su juya masa ƙeya, har da mai gaskiya. Kuma ƙofar yaudara a buɗe take. A dokar Turai ta 2019, abin da aka yi wa rajista a matsayin mai ƙarfafa tsiro ba shi da izinin cewa yana maganin cuta, mai son faɗin haka sai ya bi doguwar hanyar rajistar maganin feshi ya kawo shaidar aiki. Tsakanin ƙofofin nan biyu ake samun rubutun kwalba mai harshen damo, wanda bai ce yana kashe cuta ba amma mai saye haka zai fahimta. Inda hukumar sa ido ba ta da ƙarfi kuwa, ko wannan shingen babu.

To, a dubi iri. A 1937 da 1938 masu tattara iri daga Jamus sun kwaso sha'ir daga gonakin Habasha. Cikinsa aka samu nau'in da farar funfuna ba ta iya shiga, ko wane jinsinta ne. Manoman tsaunukan can ne suka riƙe wannan iri tsawon zamani, kuma ba kasafai ake tuna su ba in ana lissafin ribarsa. Sirrin wata ƙwayar gado ce mai suna Mlo, wadda fangas ke amfana da ita wajen kutse. In ta daina aiki sai tsiro ya riga fangas, ya gina toshin bango daidai ƙarƙashin tsinin da yake huda da shi. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake shuka sha'ir mai wannan hali a Turai a faɗin ƙasa mai yawa, kuma sama da shekara 40 bai karye a gona ba. A kwatanta da shekara 2 da sitirobilurin ya yi a gaban funfunar alkama. Manomin da ya shuka shi ba ya bukatar hasashen yanayi, ko injin feshi, ko sanin ranar da cuta za ta zo. Kariyar tana zaune a ganyen, kuma galibi inda aka taɓa take aiki, a lokacin da aka taɓa. Feshi ba zai iya wannan ba, shi duk gonar yake tasa, da mai ciwo da mai lafiya.

Shi ma ba a banza aka same shi ba. Nau'ukan farko ganyensu na yin tabo ya tsufa da wuri, girbi ya ragu, sai da masu inganta iri suka yi shekaru suna haɗa shi da wasu kafin su danne wannan aibi. An kuma gano cewa ya fi saurin kamuwa da Magnaporthe. Amma ga bambancin: kuɗin tsaron da ke cikin iri, sau ɗaya ake zama a rage shi a tashar bincike, kowa ya amfana. Na feshi kuwa kowane manomi shi kaɗai yake cacarsa, kowace kakar noma. Alkama ta nuna haka. A 2014 ƙungiyar Gao Caixia a Beijin ta kashe kwafi 3 na Mlo da ke jikin alkama, juriya ta samu amma girma ya ragu. A 2022 suka wallafa wani nau'i mai juriyar ba tare da asarar girma ko girbi ba, saboda yankin da aka cire ya zaburar da wata ƙwayar gado mai jigilar sukari da ke kusa. Shekara 8 tsakani, amma da aka samu hanyar ta zauna a iri, ana kuma iya kai ta wasu nau'ukan alkama.

A shinkafa akwai ƙwayar gado mai suna Xa4, wadda masu inganta iri a Asiya suka yi shekaru da dama suna amfani da ita a kan bakteriyar da ke busar da ganye ba su san yadda take aiki ba. A 2017 masu bincike a Wuhan suka nuna furotin ne daga dangin masu sauraron bango, yana sa tsiro ya ƙara selulos, bango ya yi ƙarfi, kara ma ya rage kwanciya, girbi kuma bai ragu ba. Wasu jinsunan bakteriyar sun iya tsallake ta, shi ya sa ake haɗa ta da wasu. A masara akwai ɗan wannan dangi, Htn1, mai jinkirta ƙunar ganye, kuma daga wata masarar gargajiya ta Meziko ya fito. A duk misalan nan manoma da masu barbarar iri sun riga masana ƙwayar halitta, ilimin bango daga baya ya zo ya faɗi dalili. Yanzu da aka san dangin, ana iya shiga rumbunan ajiyar iri na duniya da takamaimiyar tambaya: wane nau'i ne ke ji da wuri, ya mayar da martani a ɗan wuri, ya kuma yi shiru da wuri?

Dalilin da ya sa kuɗi ba su fi bin nan ba, ba ɓoyayye ba ne. Kwalba kowace shekara ake sayar da ita. Alkama da shinkafa da sha'ir kuwa kansu suke barbara, manomi na iya ajiye na bana ya shuka baɗi, halin juriyar yana nan. Abin da ke amfanar kowa amma ba ya kawo cinikin da ke maimaituwa, aikin gwamnati ne da jami'o'i da cibiyoyin binciken ƙasa da ƙasa. Kuma aiki ne mai jan rai, fitar da sabon nau'i ta barbara yakan ci shekara 10 ko fiye, wa'adin da minista ba ya kaiwa a kujera. Gyaran ƙwayar gado yana rage lokacin, sai dai dokokinsa sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, mallakar fasahar kuma tana hannun 'yan tsiraru. In ba a yi hattara ba, halin da ya fito daga gonar talaka zai koma masa da takardar haƙƙin mallaka a wuya. Don haka zuba kuɗi kaɗai bai isa ba, sai da sharaɗin cewa duk abin da kuɗin jama'a ya gano a buɗe zai zauna.

Akwai inda iri ba ya kaiwa. Kurangar inabi ko itacen lemo da ya yi shekara 30 a ƙasa ba a tuge shi don an fitar da sabon nau'i, cutar da ta ɓullo bana kuma ba za ta jira masu barbara ba. Nan feshin ke da aiki, kuma aikin da ya dace da shi rakiya ce: a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsa da maganin fangas, a rage zagayen guba, a tsawaita ran magungunan da suka rage kafin cuta ta gagare su. Wannan ba ya cika kanun labarai, amma in aka tara shi a faɗin duniya guba ce mai yawa ba ta shiga ƙasa da ruwa ba. Tunda kuma an san nau'ukan iri sun bambanta wajen amsa feshin, ya kamata a riƙa zaɓar su tare, iri da feshinsa.

Abin da zan nema daga hukumomin rajista bai da yawa. Gwaji ya kasance a hannun waɗanda ba na kamfani ba, a yankuna daban-daban, a kakar noma fiye da ɗaya, har da shekarar da cuta ta yi ƙamari da wadda ba ta zo ba sam. A auna abin da aka girbe, ba tabon ganye kaɗai ba, domin ganye mai tsabta a ƙarƙashin zangarniya marar nauyi ba riba ba ce. A wallafa sakamakon duka, har gwajin da bai yi ba. A jikin kwalbar kuma a rubuta nau'in irin da aka gwada a kansa, da mafi ƙarancin kariyar da aka samu, da abin da ya faru da girbi a ƙasar da ba ta da isasshen taki.